Kwana ɗaya zai isa a zaga Angkor da ɗan jagora?

Matafiyi: Salamu alaikum jama'a. Wanda ke da yini ɗaya tal a Siem Reap, ƙasar Kambodiya, yana son ganin tsofaffin gine-ginen daular Khmer, yaya zai tsara? Kamfanonin yawon buɗe ido suna ta tallar "a ga fitowar rana a Angkor Wat". Kuɗin da suke faɗa ya haɗa da tikiti?

Baban Hanifa: Wa alaikumus salam. Yawanci bai haɗa ba, nan ne mutane ke shan mamaki. Abin da ka biya na mota ne da ɗan jagora da ruwan sha. Tikitin shiga daban yake: dala 37 na kwana ɗaya, 62 na kwana uku, 72 na bakwai. Ana dubawa a ƙofar kusan kowane gini, don haka kada ya ɓata. Saye shi tun jajibiri, a ofis ko ta intanet, kada ka tsaya layi da asuba. Ka kuma riƙe dala mai kyau, wadda ta yage ko ta tsufa sai a ƙi karɓa.

Yini ɗaya wurare uku zai ɗauka cikin natsuwa: Angkor Wat, Bayon da ke tsakiyar tsohon birnin Angkor Thom, sai Ta Prohm. Wannan ne ƙaramin zagaye, kimanin kilomita 17. In aka cusa maka Banteay Srei a ciki, wani gini da ke can nesa da sauran, lokaci mai yawa a hanya zai ƙare.

Hajiya Mai Taswira: Malam, ƙari kan batun asuba. Ana buɗe Angkor Wat ƙarfe 5, sai ku bar masauki wajen 4:30. Ginin yamma yake kallo, shi ya sa rana ke ɓullowa ta bayan hasumiyoyinsa, jama'a kuwa su yi cincirindo a bakin tafkin hagu saboda hoton ginin a cikin ruwa. Kuskuren shi ne da rana ta fito sai a koma karin kumallo. A'a, lokacin ne za ka shiga ciki kafin zafi ya taso. Ka ce wa ɗan jagora ya kai ka barandar gabas, wurin sassaƙen nan mai tsawon kusan mita 50, inda alloli da dodanni ke jan ƙaton maciji kamar masu jan igiya. Tun zamanin Sarki Suryavarman na Biyu yake, ƙarni na 12. In ba mai bayani, bango kawai za ka gani.

Hawa na sama kuwa matakalarsa a tsaye take. Sai kafaɗa da gwiwa a rufe, ba a barin yaro ƙasa da shekara 12, kuma ana rufe shi a ranakun ibadar mabiya Buda.

Ɗan Kasuwa: Maris zuwa Mayu zafi ne na gaske, ɗauki mota mai sanyi maimakon tuk-tuk, wato babur mai jan keken fasinja. Nuwamba zuwa Fabrairu sai a hankali, amma cunkoso ya fi yawa. Ta Prohm, inda saiwoyin itatuwa suka naɗe bango, ka je da tsakar rana: akwai inuwa, kuma ayari-ayari sun tafi cin abinci. Ɓoye leda da ayaba daga birai, fizgewa suke. Abincin halal yana cikin gari, kusa da masallacin Musulmin ƙabilar Cham, sai ka yi guzuri tun dare, ka saka darduma a jaka.