Neman kalma: "electronic health record" da likitocin da abin ke faɗa wa

Mai Shirin Lafiya: Assalamu alaikum malamai. Ƙarfe 4 na yamma za a naɗi shiri, kuma kalma biyu sun tsaya mini a wuya. Rahoton a kan birnin Trondheim ne na ƙasar Nowe. A Nuwamban 2022 babban asibitinsu, St. Olavs, ya koma amfani da sabon tsari mai suna Helseplattformen, wanda kamfanin Epic na Amurka ya gina. Daga nan likitocin da ke duba mutane a unguwanni suka fara kukan takardun asibiti ba sa iso musu yadda ya kamata, a 2023 kuma aka gano wasiƙu sama da 16,000 da ba su taɓa fita ba. Ina neman Hausar electronic health record, da ta family doctor. Na sa "bayanan lafiya na lantarki" na wucin gadi, amma kunnena bai karɓa ba.

Baban Ɗakin Kati: Wa alaikumus salam Hajiya. Cire lantarkin nan tun da wuri, mai sauraro zai zaci maganar wutar asibiti ake yi. Katin asibiti na kwamfuta. Kowa ya san kati.

Likita a Ingila: Baba, kai da kanka ka san kati ba shi ne abin ba. Kati shi ne ɗan kwalin da maras lafiya ke riƙewa da lambarsa a jiki. Abin da ake nufi a nan folda ce, wadda kuke zarowa daga kanta da wannan lambar: tarihin ciwo, sakamakon gwaji, hoton ƙirji, magunguna, abin da jikinsa ba ya so, rubutun kowane likita. Ni "kundin lafiya na kwamfuta" zan ce.

Baban Ɗakin Kati: Gaskiya ne Dakta. Amma mutum yakan ce "an ɓatar mini da kati" alhali foldar yake nufi. A bakin jama'a duk kati ne.

Injiniya: Kafin a yi nisa, abu biyu ne ake cakuɗawa. Akwai rubutun da ya shafi mutum ɗaya, akwai kuma injin da ke riƙe da rubutun kowa, yana tura saƙo, yana ba da ranar ganin likita, yana karɓar sakamako daga ɗakin gwaji. Abin da asibiti ya sauya shi ne na biyun. Idan kika ce "asibiti ya kawo sabon kundi" an rasa labarin. Na farko kundi, na biyu manhaja. Sabuwar manhajar kundin marasa lafiya.

Tafinta Ɗan Zazzau: Duk waɗannan jimloli ne, ba kalmomi ba. Ku gwada faɗin "kundin lafiya na kwamfuta" sau goma cikin shirin minti biyar ku ji yadda numfashi zai ƙare. Ga tawa: kundintarki. Kundi da lantarki. Jam'i kundintarkai. An sa shi a kundintarki, an duba kundintarkinsa. Gaɓa huɗu, ta zauna.

Malamin Nahawu: Ta zauna a ina? Malam, Hausa ba ta yanke gindin wata kalma ta liƙa wa kan wata. Harɗaɗɗun kalmominmu jimla ce ake ɗaurewa: faɗi-ka-mutu, a-kori-kura, gidan-sauro, ka-ce-na-ce. Wannan naka ɗinkin Turanci ne da zaren Hausa. Sannan ni ko "kwamfuta" ban yarda da ita a rediyo ba alhali muna da na'ura mai ƙwaƙwalwa. Manhaja ma asalinta tsarin karatu ce, gidajen rediyo ne suka ɗora mata wannan kaya.

Tafinta Ɗan Zazzau: To ranka ya daɗe, "kundin lafiya na na'ura mai ƙwaƙwalwa" ke nan. Kafin ta gama faɗa an kira magariba.

Mai Shirin Lafiya: Don Allah malamai. Dakta, taimaka mini da yadda abin ke lalacewa, wataƙila in na gane shi kalmar ta fito da kanta.

Likita a Ingila: To Hajiya. Abu na farko da ya kamata mai sauraro ya riƙe: likitan unguwa da asibiti ba manhaja ɗaya suke amfani da ita ba. A Ingila galibin likitocin unguwa suna kan EMIS ko SystmOne, asibitoci kuma suna kan irin su Epic ko Cerner. A Trondheim ma an so likitocin unguwa su shigo Helseplattformen, kusan dukkansu suka ƙi, suka tsaya a kan nasu. Don haka duk abin da asibiti ya yi wa mutum, ta saƙo yake isa ga likitansa.

Saƙon nan yana bin matakai. Likitan asibiti ya rubuta takardar sallama. Shi ko na gaba da shi ya sa hannu a kwamfuta. Manhajar ta nemo wane ne likitan wannan mutumin da adireshinsa. A juya takardar zuwa sigar da manhajar can za ta iya karantawa. Ta isa, ma'aikaci ya buɗe, ya shigar da ita kundin mai ita, a gyara jerin magunguna. Ƙa'idar hukumar lafiya ta Ingila ita ce takardar sallama ta isa cikin awa 24, wasiƙar ganin ƙwararren likita kuma cikin kwana 7.

Mataki na biyu shi ya fi cin mutane. Takardar da ba a sa wa hannu ba ba ta fita, kuma ba ta yin ƙarar gargaɗi, tana nan kwance. Haka ya faru a asibitocin Newcastle a nan Ingila: a 2023 aka gano wasiƙu kusan 24,000 tun daga 2018 suna jiran sa hannu a wata ma'ajiya cikin kwamfuta da yawancin ma'aikata ba su san da ita ba. Likitan asibiti yana ganin ya rubuta, likitan unguwa bai san akwai abin da zai jira ba.

Wadda ta iso ma tana da nata ciwon. Sabuwar manhaja takan kwaso duk abin da ta samu ta zuba a takardar: kowane gwajin jini, kowane awon zafin jiki, kowace allura. Abin da likitan unguwa ke nema layi biyu ne, misali an dakatar da maganin tsinka jini, ko a sake gwajin ƙoda bayan mako ɗaya. Sai ya same su can ƙasan shafi na nawa, shi kuwa minti goma yake da shi a kan kowane mutum. Wani lokaci kuma duk gyaran da aka yi a asibiti sai a sake turo takardar, a tara uku masu kama da juna, sai an bi layi-layi kafin a san wacce ce ta ƙarshe.

Injiniya: A ƙara da kwashe tsofaffin bayanai zuwa sabuwar manhaja. Ba komai ke ƙetarewa lafiya ba. Abin da aka rubuta da lambar da kwamfuta ta sani, irin ta SNOMED, wato tsarin lambobin da ake ba kalmomin likitanci, yakan wuce. Abin da aka rubuta da zube, kamar "jikinsa ba ya son fenisilin" a cikin bayanin likita, yana iya komawa hoton takarda da ba zai tayar da gargaɗi ba in an rubuta masa maganin. Jerin masu jiran aikin tiyata ma nan ake samun wanda ya ɓace ko ya fito sau biyu. Kuma makonnin farko asibiti da gangan yake rage yawan mutanen da zai gani don ma'aikata su saba. Waɗanda aka ɗage wa rana, ƙofar likitan unguwa suke komawa.

Mai Shirin Lafiya: Madalla. To a rubutuna na farko har na sa "kundin bai-ɗaya". Ashe wannan ƙarya zan yi wa mutane.

Likita a Ingila: Cire shi. Bai-ɗaya shi ne burin da aka sayar wa gwamnati, ba abin da ke ƙasa ba.

Ɗan Damagaram: Ina ta karatu ina dariya. Kun yanke hukunci kamar Hausa ta ƙare a Jibiya. A wajenmu in ka ce "na tafi likita" asibiti kake nufi. Ɗan littafin da ake riƙewa kuma karne ne. Shirin nan ba a Maraɗi da Zinder ake jin sa ba? "Likitan unguwa" wani zai ji shi a matsayin ƙaramin asibitin unguwa.

Malamin Nahawu: Karne Faransanci ne, Malam.

Ɗan Damagaram: Kati fa, Malam? Asibiti fa? Likita fa? Kundi kaɗai ne a cikin zancen nan ban san wanda zai zo ya ce nasa ne ba. Aron Ingilishi ya zama Daidaitacciyar Hausa, aron Faransanci ya zama kuskure. Mun saba.

Malamin Nahawu: Ba raini ba ne. Daidaitacciyar Hausa an gina ta a kan karin Kano, da ita ake buga littafi, dole a samu ma'auni ɗaya.

Tafinta Ɗan Zazzau: Shi ya sa kundintarki ta fi. Ba ta Kano ba ce, ba ta Damagaram ba ce.

Ɗan Damagaram: Ba ta kowa ba ce, shi ne matsalarta.

Baban Ɗakin Kati: Ni kundin ne ma nake ɗan jin sa. A da in an ce kundi, na malam ake nufi, mai laƙani da hatimi a cikin gafaka. Kada tsoho ya ji "kundin lafiya" ya zaci littafin magungunan gargajiya ne.

Malamin Nahawu: Wannan ya wuce, Baba. Kundin tsarin mulki ya shiga kunnen kowa, ɗalibai suna rubuta kundin digiri. Ma'anarsa takardu da aka tara wuri ɗaya a kan abu ɗaya, kuma ana ƙara masa. Ya fi folda, ya fi fayil. A nan kam ina tare da Dakta. Rigimata da kwamfuta ce.

Mai Shirin Lafiya: Ƙarfe 3 ta wuce. Family doctor fa? Ina da "likitan iyali".

Likita a Ingila: Fassara ce daidai, kuma a Najeriya akwai fannin, su ne ke riƙe da sashen da ake fara ganin marasa lafiya a asibitocin koyarwa. Amma a kunnen mai sauraro likitan iyali shi ne wanda attajiri ke kira gida. A Nowe kuwa tun 2001 kowane mazaunin ƙasa yana da haƙƙin a rubuta shi a jerin wani likita takamaimai. Shi ake fara gani, shi ke rubuta takardar turawa asibiti, shi ke ci gaba da ba da magani bayan sallama. In ba a gane wannan ba, ba za a gane dalilin da wasiƙa ɗaya ke da nauyi haka ba.

Injiniya: Likitan farko?

Baban Ɗakin Kati: Sai a ce ina na biyu. Likitan unguwa ya fi kama hankali, kamar mai unguwa, kowa da nasa.

Ɗan Damagaram: Na faɗi nawa. In dai za a ce "likitan unguwa" to a biyo shi da "wato mutumin da ke duba su" ko sau ɗaya ne.

Mai Shirin Lafiya: An gama. Ga yadda zan buɗe: "Likitocin unguwa, wato likitocin da kowane mutum ke da rajista a wajensu kuma su ne ke tura shi babban asibiti, sun koka cewa tun da asibitin ya sauya manhajar da ke riƙe da kundin lafiyar marasa lafiya a kwamfuta, takardun sallama ba sa iso musu a kan lokaci." Daga nan sai "kundin" da "manhajar" kawai. Malam, ka yi haƙuri da kwamfuta, lokaci ne.

Malamin Nahawu: "Kundin lafiyar marasa lafiya" ya yi tuntuɓe, lafiya biyu a jere. Ki ce kundin jinyar jama'a, ko kundin marasa lafiya. Kuma "takardar sallama" ita kaɗai ta korar ma'aikaci ce, ki ƙara "daga asibiti" a karon farko. Kwamfutar kuma na bar ki da ita, ba don na yarda ba.

Mai Shirin Lafiya: Kundin marasa lafiya. Na gyara. Na gode, na shiga ɗakin naɗi.

Tafinta Ɗan Zazzau: A dai rubuta a ajiye cewa ni na fara kawo kundintarki. Injiniya, data migration fa, me za mu ce? Ina da wata.

Injiniya: Kwashe bayanai. Kada ka fara.