"Tsufa ne kawai": wannan maganar tana ƙara wa mutum ciwo?

Baban Sadiƙ, Bolari:
Assalamu alaikum. A nan Gombe za ka ga magidanci ɗan shekara 45 zuwa 55, cefane da kuɗin makaranta sun sha masa kai, jiri ko ciwon gwiwa ya taso, sai ya ce "tsufa ne" ya ci gaba da harkarsa. Shin yadda mutum ya ɗauki tsufa yana taɓa lafiyarsa, ko babu ce kawai?

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam, Baban Sadiƙ. Yana taɓawa. A 2002 Becca Levy ta Jami'ar Yale a Amurka ta fitar da bincike kan mutum 660, inda masu kyautata wa tsufa zato suka fi sauran tsawon rai da kimanin shekara bakwai da rabi. Ba siddabaru ba ne: wanda ya sallama cewa ciwo rabon mai shekaru ne ba ya zuwa awon jini da suga, shi kuwa hawan jini ba ya sallama kafin ya shigo. A zauna minti 5 kafin a auna, hannu a kan tebur, ban da goro ko sigari rabin awa kafin nan. In ya kai 140/90 a ranaku biyu daban, a ga likita. Suga kuma da safe ake aunawa, bayan awa 8 ba a ci komai ba. In awon suga ya nuna 126 (a ma'aunin mg/dL) zuwa sama, ba abin wasa ba ne.

Malam Buba, Jekadafari:
Hajiya, a yi hattara dai. Amurkawa aka bincika, kuma kyakkyawan zato ba ya sayen magani. Inda ake faɗuwa shi ne, mutum ya sha maganin hawan jini irin su amlodipine na mako biyu, ya ji sauƙi, ya mayar da kuɗin kan masara. Jinin ya koma sama shiru, sai shanyewar ɓarin jiki. Ga kuma maganin rage ciwo, diclofenac, na masu talla da ake haɗiya kullum don gwiwa, alhali yana ɗaga jini, yana cin ciki da ƙoda. A nemi magani da sunansa na asali, ya fi na kamfani mai suna araha, a kuma bincika rajistar GoHealth, shirin inshorar lafiya na jihar Gombe.

Maman Ilham:
Gaskiyarka, Malam. Akwai ma abin da ba ya cin ko sisi: gishiri kada ya wuce ƙaramin cokali ɗaya a yini, har da wanda ke cikin dunƙule da yaji. Sai tafiya da sauri minti 30 bayan Asuba, kwana biyar a mako.