Baba an ce kansar zufa ce, a sake yanka ko a bari?

Salam 'yan uwa dan Allah ina neman shawara. Babanmu shekarunsa 68, akwai wani ɗan tsiro a ƙwaurinsa ya fi shekara goma ba ya damunsa, sai bara ya fara girma yana zubar da jini ko zani ya goge shi, aka cire aka kai gwaji, sakamako ya fito wai porocarcinoma, likita ya ce daji ne da ke fitowa daga hanyar da gumi ke bi. Yanzu suna so a sake yanka a faɗaɗa wajen kuma a duba kaluluwar matsematsinsa. Kawu ya hana, wai daji ba a taɓa shi da ƙarfe. Ni dai kaina ya kulle wlh.

Wata nas: Allah ya ba Baba lafiya. 'Yar uwa ki bari a yi. Yankan farko cire tsiron kawai aka yi, na biyun shi ne a kwashe har da naman gefe mai lafiya don kar a bar saura. Irin wannan kusan 1 cikin 5 yana dawowa a wajen, kusan haka kuma yake tsallakawa kaluluwa, tunda a ƙafa yake matsematsi zai fara nufa, daga nan ne yake iya kaiwa huhu ko hanta ko ƙashi. In an kama shi bai bar fata ba yawanci tiyatar tana wadatarwa, in ya shiga kaluluwa kam magana ta canza.

Wani ɗan group: Maganar ƙarfen nan ita ta sa muka zauna da mamanmu a gida wata takwas ana shafe-shafe, nata dajin nono ne amma jinkirin dai ɗaya ne. Ku tafi da Kawu wajen likitan ya ji da kunnensa, dattijai sun fi yarda in ba a tsallake su ba.

Wata nas: Kuma ki tambayi zurfin tsiron a takardar gwajin, wanda ya wuce milimita 7 ya fi saurin yaɗuwa. Bayan aiki kar ku daina zuwa kilinik, ku riƙa shafa matsematsin kuna ji ko da ƙullutu.

Mai tambaya: Na gode Anti, na duba takardar ban gane rubutun ba, ranar Litinin zan kai wa likitan, Kawu ma ya ce zai biyo mu.