Wata huɗu bayan aikin ƙullutun jijiyar baya: me ya taimake ku?

Uwar Biyu, Gwammaja: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata huɗu ke nan da yi min aikin ƙullutun ruwa da ya fito a saiwar jijiya, can ƙasan gadon baya, wanda likitoci ke kira Tarlov. Ciwon da ke sauka ƙafata ta hagu ya tafi, alhamdulillahi. Zama ne har yanzu ya gagare ni. Minti 20 a kujera sai in ji kamar an zuba min garwashi a mazaunai. Jiya a gidan suna a tsaye na ci abinci. Don Allah waɗanda suka riga ni, me ya taimake ku?

Anti daga Hotoro: Sannu da jiki ƙanwata. Ni shekarata biyu. Jijiyar da ta daɗe a matse a hankali take farfaɗowa, sai da na haura shekara kafin na iya zama a yi min kitso har a gama. Abin da ya fi yi min amfani soso ne. Maigidana ya je wurin masu katifa a Kasuwar Sabon Gari, suka yanka mai kauri, suka fafe shi ta baya yadda ƙashin ƙarshen gadon baya ba zai taɓa komai ba. Na ɗinka masa riga da atamfa, ko biki da shi nake zuwa. Kuma ki haƙura da adaidaita sahu tukuna. Rami ɗaya muka faɗa, kwana uku na yi a kwance.

Baban Yara, Kurna: Allah ya ƙara sauƙi Hajiya. Iyalina gashin ƙashi ne ya taimake ta. Ana yi a Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Malam Aminu Kano, amma likitan da ya yi aikin shi zai ce a fara. Kar a bari mai ɗori ko mai tausa ya danna wurin.

Ma'aikaciyar jinya: Hajiya, ba ki ce komai kan fitsari da bayan gida ba. Ƙullutun nan galibi kan jijiyoyin ƙasan baya da ake kira S2 da S3 yake zama, su ne masu kula da mafitsara da dubura da gaba. Ki guji yunƙuri a banɗaki: ruwa da yawa, gwanda, kankana, zogale. Idan an ba ki maganin ciwon jijiya irin su pregabalin ko gabapentin, kar ki yanke shi rana ɗaya, kar kuma ki ƙara da kanki. In kika ji ciwon kai da ke tsananta in kin miƙe ya lafa in kin kwanta, ko zazzaɓi, ko fitsari ya ƙi fita, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, asibiti a ranar, ba gobe ba.

Uwar Biyu, Gwammaja: Malama kin taɓo inda nake jin nauyin faɗa. Fitsarin ya daidaita. Auratayya ce da zafi, ko likita ban iya gaya wa ba. Sallah ma zaman tahiya wahala yake ba ni.

Anti daga Hotoro: Ki daure ki gaya masa, yana cikin ciwon, ba abin kunya ba ne. In ya fi miki sauƙi rubuta a takarda ki miƙa masa, haka na yi. Sallah kuwa, ranar da abin ya motsa a kan gefena na dama nake yi, na tambayi malamai sun ce ya halatta ga mara lafiya.

Ɗaliba daga Fagge: Ni hoton MRI ne ya nuna min shi satin jiya. Dole sai an yi aiki? Tsoro nake ji wallahi.

Ma'aikaciyar jinya: Kwantar da hankalinki ƙanwata. Mafi yawansu ba sa ciwo, a hoton wani abin daban ake tsintarsu, kuma irin waɗannan ba a taɓa su. Ki kai hoton wurin likitan ƙwaƙwalwa da laka, ya gwada ki ya ga ko inda ke miki ciwo ya dace da inda ƙullutun yake.