Fitilar ƙofa ta ƙi mutuwa, ƙararrawa kuma sai kuka take yi

Sabon Direba:
Assalamu alaikum masana. Fitilar nan ta dashbod mai nuna ƙofa a buɗe ta ƙi mutuwa a motata, alhali duk ƙofofin a rufe suke gam. Da na fara tafiya sai ƙararrawa ta kama ƙara, musamman in na shiga gargada ko na sha kwana. Fitilar cikin mota ma takan kama da kanta, rimot kuma wani lokaci ya ƙi kulle ƙofofin. Daga ina zan fara?

Mai Wayarin:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka sayi komai tukuna, fara gano ƙofar da ke kawo matsalar. Kuma ka sa but a lissafi, domin a motoci da yawa fitila ɗaya ce ke nuna shi da ƙofofin. Wasu har bonet suke haɗawa.

Makunnin ƙofa iri biyu ne. Na farko ɗan maɓalli ne mai rigar roba a jikin ginshiƙin ƙofa, ƙofar ce ke danne shi in an rufe. Na biyu yana ɓoye a cikin makullin ƙofar, ba a ganinsa daga waje. Buɗe ƙofa ka duba ginshiƙin. In ka ga maɓallin, buɗe ƙofa ɗaya kawai, sauran a rufe, ka danne shi da yatsa har ƙarshe kana kallon dashbod. Ƙofar da fitilar ta mutu a kanta, ita ce ba ta danne maɓallinta yadda ya kamata. Galibi kan robar ne ya cinye, ko ƙofar ta ɗan sauka saboda hinji ya ci. Shi ya sa take yi maka a gargada: ƙofar na motsawa milimita ɗaya ko biyu, makunnin ya saki.

In babu maɓalli, bar ƙofar a buɗe, ka sa sukundireba a bakin makullin ka tura harshensa ciki. Za ka ji ƙas sau biyu. Na farko rabin rufewa ne, na biyu ne cikakke, kuma sai a na biyun fitilar ke mutuwa. Ka tabbata ka ja hannun ƙofar harshen ya koma kafin ka rufe ta, in ba haka ba za ka buga shi a kan ƙarfen ginshiƙi ka lalata makullin.

Sabon Direba:
Na gode Oga. Babu maɓalli a tawa. Na yi gwajin sukundireba, ƙofar bayan direba ce take wasa, fitilar ta mutu ta dawo. Sai na canza makullin gaba ɗaya ke nan?

Bakanike:
A'a ɗan'uwa, da sauran magana. Mafi yawan lokaci tsohon giris ne ya haɗu da ƙura ya daskare, ɗan harshen makunnin ya maƙale. Samo feshin wanke makunnin lantarki, ko WD-40 in shi ke hannunka, ka zura siririn bututun a bakin makullin ka fesa sosai, ka tara tsumma a ƙasa don daudar da za ta zubo. Sai ka buɗe ka rufe kamar sau 15 zuwa 20. In fitilar ta mutu, bar shi ya bushe, ka bi shi da ɗan farin giris na feshi, kaɗan kawai. Kada ka cusa giris mai kauri ko baƙin mai, su ne za su sake tara ƙurar.

Duba ƙarfen da makullin ke kamawa a ginshiƙi. In ka ga inda ya goge yana ƙyalli a gefe guda, ko sai ka ɗaga ƙofar kafin ta rufu, saiti ya kauce. Kusoshi biyu ne ke riƙe da shi, galibi masu kan tauraro. Zana kewayensa da fensir kafin ka sassauta, ka matsar da shi kaɗan kaɗan kana gwadawa. Wannan ba abin sakaci ba ne. In ƙofar a ƙas na farko take tsayawa, fitilar gaskiya take faɗa maka, kuma bai kamata a ɗauki kowa a kujerar nan ba sai an gyara.

Mai Wayarin:
Abin da Bakanike ya faɗa daidai ne. In feshi bai yi ba, ko ya yi kwana biyu ta dawo, kafin makulli akwai waya. Tsakanin ƙofa da jikin mota akwai robar nan mai lanƙwasa da wayoyi ke bi ta ciki. Zame ta ka ja wayoyin ɗaya bayan ɗaya a hankali. Waya kan karye daga ciki rigarta lafiya lau, sai ka ji tana miƙewa a hannunka. In gilashi ko sifikar ƙofar ma suna ɗaukewa, zargi ya ƙara ƙarfi a nan.

Ga inda mutane ke ruɗewa. A mai maɓallin ginshiƙi, buɗe ƙofa ne ke haɗa wayar da bodi, don haka wayar da ta goge tana taɓa ƙarfe ita ke barin fitila a kunne. A motoci da dama masu makunni cikin makulli, har da wasu Ford, akasin haka ne: rufe ƙofa ke haɗa layin, tsinkewar waya kuma kwamfutar jikin mota, wato BCM, ta ɗauke ta a matsayin ƙofa a buɗe. Saboda haka cire soket ɗin makullin ka sa mitar gwada lantarki a kan ƙafafun makunnin, ka tura harshen da sukundireba. Dole karatun ya sauya tsaf tsakanin kusan sifili da buɗaɗɗen layi, wato layi a yanke. In yana rawa, makunnin ya gaji, kuma a irin waɗannan galibi da makullin ake canza shi. In makunnin lafiya, waya lafiya, sai a jona na'urar gwaji a ga abin da BCM ke karantawa a kowace ƙofa. BCM ɗin ce ta ƙarshe a zargi, ba kasafai take lalacewa ba.

Kafin ka cire murfin cikin ƙofa, ɗaga gilashi sama, ka cire kan batir na negatif ka jira 'yan mintuna. Soket mai ruwan ɗorawa na jakar iska ne, kada mita ta kusance shi.

Hajiya Mai Mota:
Ƙari kaɗan, Malam. Kafin ka samu gyara, mayar da makunnin fitilar rufi kan kashewa. Ƙwan wat 10 yana jan kusan amfiya 0.8, ga kwamfutar da a wasu motoci ba ta yin barci muddin tana ganin ƙofa a buɗe, batir mai rauni ba zai kai safiya ba. Amma kada ka zare fis don ƙararrawar ta yi shiru, sau da yawa layi ɗaya take da rimot da fitilun ciki. Kuma in ka danna rimot, ja kowace ƙofa da hannu ka tabbatar ta kullu kafin ka bar wurin.