Kafin a ce za a faɗaɗa filin jirgi a jiha

Abin da na tsinta a hirar da muka yi jiya a majalisa kan faɗaɗa tamina, wato ginin da fasinja ke jiran jirgi, a filayen jirgin jihohi shi ne, kafin a zuba bulo ko ɗaya a fara ƙirga fasinja. Wani ya kawo misalin filin Dutse da Sule Lamido ya gina aka buɗe a 2014, gini mai kyau amma Kano na nan kusa, mai zuwa Abuja ko Legas sai ya kama mota ya je filin Malam Aminu Kano kawai, toh wa zai cika maka ɗakin jira in ba lokacin jigilar alhazai ba?

Batun kuɗi kuwa an daɗe a kai, wai ginin ma ba shi ne wahala ba, dizal ɗin janareto da motar kashe gobara da albashi duk wata su ke cinye bajet, don haka a zauna da FAAN, hukumar kula da filayen jiragen sama ta Tarayya, tun farko a rubuta wa zai riƙe wurin, kar a gama a koma roƙon Tarayya ta karɓa. In bashi za a ciwo majalisar jiha ta gani, a yi aikin kashi-kashi. Ni dai na fi damuwa da diyyar gonaki, a biya manoma kafin katafila ta shiga.