Wanda bai yarda da Allah ba, yana iya samun rayuwar ruhi?

Hadiza: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata magana ta tsaya min a rai tun daren jiya. A asibitin da nake aiki nan Ingila akwai wata Baturiya, ma'aikaciyar jinya kamata, shekararmu huɗu tare a ɓangaren tsofaffi masu ciwon ajali. Da bakinta ta ce min ba ta yarda akwai Allah ba, ba ta yarda da lahira ba. Amma idan mara lafiya ya shiga gargara, ita ce ke zama ta riƙe masa hannu har rai ya yi halinsa. Jiya da wani dattijo ya cika, ta buɗe taga, ta tsaya shiru, hawaye na zuba. Na ce addu'a kike yi? Ta ce ba ta da wanda za ta roƙa, amma ita ma tana da rayuwar ruhi, kuma a irin wannan lokacin take jin ta. Na rasa abin da zan ce mata.

Kabiru: Wa alaikumus salam. Hadiza, maganarta tana cin karo da kanta. A Suratul Isra'i, aya ta 85, da aka yi tambaya a kan ruhi, amsar da ta sauka ita ce ruhi daga al'amarin Ubangiji yake. Wanda ya ce babu Ubangijin, ya ce mutum tsoka ne da jijiya da ƙwaƙwalwa kawai, wane ruhi kuma yake nufi? Abin da take ji tausayi ne. Abu ne mai kyau, amma a kira shi da sunansa.

Usman: Yaya Kabiru, ka yi haƙuri, ban ga abin da sauƙi haka ba. Da nake karatu a Indiya na zauna da mabiya addinin Jain. Ba su yarda akwai wanda ya halicci duniya ba, kuma a kan haka suke tun zamanin jagoransu Mahavira, shekara kusan 2,500 ke nan. Amma ka ga gudun duniya a wurinsu! Masu zuhudunsu da tsintsiya mai laushi suke yawo, suna share inda za su zauna don kada su danne ƙwaro. Wasu suna rufe baki da ƙyalle. Masu tsanantawa ba sa cin abinci bayan faɗuwar rana, ba sa cin albasa da dankali saboda tono su yana kashe ƙananan halittu. Haka mabiya Buddha na Tailan da Siri Lanka da Myanmar, babu mahalicci a koyarwarsu, amma mutum zai ƙare rayuwarsa yana yaƙi da son zuciyarsa. Duk wannan tausayi ne kawai?

Kabiru: Usman, misalinka ya taimake ni. 'Yan Jain sun yarda akwai rai da ba ya mutuwa, sun yarda ana sake haihuwar mutum gwargwadon aikinsa. Ka ga suna da gaibu nasu, ko da ɓatacce ne a wurinmu. Ƙawar Hadiza kuwa ta share gaibun gaba ɗaya. Ba layinsu ɗaya ba.

Usman: Na karɓi wannan. Amma ka yarda ke nan ana iya cire mahalicci a bar horon zuciya.

Maryam: Ni ina ga a kan kalma muke ja. Mu a Hausa idan ka ce rauhani, aljani ne zai zo wa mutane a rai. Su kuma Turawa, kalmar da suke amfani da ita daga Latin ta fito, asalin ma'anarta numfashi. Irin ƙawarki suna da yawa, Anti Hadiza. A 1979 wani masanin kimiyya, Jon Kabat-Zinn, ya ɗauko zaman natsuwa irin na mabiya Buddha, ya cire masa aƙida, ya fara koya wa marasa lafiya a asibitin jami'ar Massachusetts ta Amurka. Sam Harris, wanda ya yi suna wajen sukar addini, a 2014 littafi guda ya rubuta yana kare ra'ayin cewa ana iya samun rayuwar ruhi ba tare da addini ba. Abin da suke cewa shi ne: akwai halin da mutum ke shiga ya manta da kansa, girman kai ya zube, ya ji ƙanƙantarsa a gaban mutuwa ko sararin samaniya, kuma halin yana canza yadda yake mu'amala da mutane. Sun ce sun ɗanɗana. Da wace hujja za mu ce musu ƙarya suke?

Kabiru: Ban ce ƙarya suke ba, Maryam. Na ce sun aro suna daga gidan da suka ce babu kowa a ciki.

Baffa Isa: Na karanta duka, Allah Ya yi muku albarka. Wannan ba sabuwar magana ba ce. Suratul Jasiya, aya ta 24, ta kawo zancen masu cewa babu komai sai rayuwar duniya, zamani ne kawai ke halaka mu. Daga nan malamai suka sa musu suna Dahriyya, kuma Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware su a matsayin kashi guda cikin masana falsafa.

Kabiru, ina tare da kai a rabi. A wurinmu ƙololuwar rayuwar zuciya ita ce ihsani, kamar yadda ya zo a hadisin Jibrilu: ka bauta wa Allah kamar kana ganinSa. Abu ne tsakanin bawa da Ubangijinsa, idan aka cire ɓangare ɗaya babu shi. Kuma Nana A'isha ta tambayi Annabi (SAW) game da Ibn Jud'an, wanda a jahiliyya yake sada zumunci yana ciyar da miskinai, ko hakan zai amfane shi. Ya ce a'a, domin bai taɓa roƙon Ubangiji gafarar ranar sakamako ba. Wannan yana cikin Muslim.

Inda na rabu da kai shi ne ƙanƙantar da abin da baiwar Allah nan ta ji. Inkarinta bai cire mata ruhi ba, kamar yadda wanda bai san yana da hanta ba hantarsa ke ci gaba da aiki. Kowane ɗa a kan fiɗira ake haifarsa. Hawayen nan a wurina fiɗira ce take motsi. Ƙishirwar ta gaskiya ce, ruwan ne ba ta kai gare shi ba.

Maryam: Allah Ya ƙara lafiya, Baffa. Abu ɗaya ke damuna. Idan Anti ta je ta ce mata abin da kike ji neman Allah ne ba ki sani ba, kamar mun ce mun fi ta sanin zuciyarta ne. Mu ma muna jin zafi idan wani ya ce sallarmu tsoron mutuwa ne kawai. Ita fa ba ta ce tana jin ƙishirwa ba, cewa ta yi ta ƙoshi.

Baffa Isa: Gaskiyarki, 'yata. Abin da na faɗa fahimtarmu ce, ba abin da za a jefe ta da shi ba. Zuciya Allah ne Ya san abin da ke cikinta.

Kabiru: To ni tagar nan ce ta tsaya min. Hadiza, don me ta buɗe?

Hadiza: Tsohuwar al'ada ce ta masu jinya a nan, Yaya, wai don ran mamaci ya sami hanyar fita. Na taɓa tambayarta, ta ce ta san babu abin da ke fita, amma ba za ta iya barin ɗakin a rufe ba, girmamawa ce ga wanda ya tafi.

Kabiru: Kin ji ko? Hannunta ya yarda da abin da bakinta ya ƙi.

Usman: Ko kuma iyakar abin da ta faɗa ɗin take nufi, Yaya.

Hadiza: Gobe ma aikin dare muke tare. Ba zan je mata da hujja ba. Zan tambaye ta me take ji a wannan shirun, idan ta tambaye ni ni ma in gaya mata abin da nake ji a sujada. Baffa, a sa dattijon nan da iyalansa a rai, 'yarsa ba ta iso ba sai da ya cika.